Malam-buɗe-littafi a takarda: wasan kala ga ƙananan yara

A ajinmu na 'yan shekara 3 zuwa 5 a Gusau ba ma sayen fenti. Ruwan soɓorodo ne ja, kurkum rawaya, bula shuɗi (a kula kada ta shiga baki). Ki zuba ɗan koko a kowanne ya yi kauri, don in ya tsinke takardar za ta yage.

1. Ki ninke farar takarda gida biyu, ki buɗe.

2. Yaro ya ɗiga kala da yatsa a gefe ɗaya kawai, kusa da ninkin. Nan aikin yake, hannunsu na son tsallakawa, sai ki rufe ɗaya gefen da tafinki. Ɗigo biyar sun isa.

3. A sake ninkewa, ya shafa daga tsakiya zuwa waje.

4. Ya buɗe da kansa. Don Allah kada ki karɓe masa wannan, nan daɗin yake.

Sai ki tambaye shi: "Ina ɗan'uwan wannan jan?" Zai nuno shi a ɗaya fiffiken, daidai wurinsa. A shanya a inuwa, in ta bushe ya zana jikin da gawayi a kan ninkin.