Yadda Ake Zana Taswirar Farko a Wasan Doom

Kamfanin id Software na jihar Texas a Amurka ya saki wasan Doom a ranar 10 ga Disamba, 1993. Mai wasa yana ganin komai ta idon wani sojan sararin samaniya, bakin bindigarsa na leƙowa daga ƙasan allo, yana fafatawa da dodannin da suka mamaye sansanonin bincike na Phobos da Deimos, wato watanni biyun da ke kewaya duniyar Mars. John Carmack ne ya rubuta injin wasan, kuma tun da kamfanin ya fitar da lambobin tushen injin ga jama'a a 1997, mutane ba su daina ƙera sababbin matakai ba. Wanda yake so ya zana nasa matakin yana bukatar ya fahimci yadda injin yake kallon duniya kafin ya ja layi ko ɗaya, domin yawancin kurakuran sabon shiga daga rashin wannan fahimta suke tasowa.

Injin Doom yana ɗaukar kowace taswira a matsayin shimfiɗaɗɗen zane, irin wanda mai tsara gini yake yi idan ya kalli gida daga sama. Ɗigogi ne suke haɗuwa su zama layuka, layuka kuma idan suka zagayo suka rufe sai su zama yanki, wanda manhajojin zane suke kira sector. Kowane yanki yana da tsayin daɓe guda ɗaya, da tsayin rufi guda ɗaya, da ƙarfin haske guda ɗaya. Wannan ne ya sa a ainihin injin ba a iya ɗora ɗaki a kan ɗaki, ba a samun daɓe mai gangara, kuma kowane bango a miƙe yake tsaye. Matakala, taga, ƙofa da rami duk yankuna ne da aka bambanta tsayinsu.

Kayan aikin uku ne. Na farko shi ne babban fayil ɗin wasan mai ɗauke da hotunan bango da sautuka da dodanni, kamar DOOM2.WAD na wasan Doom II da ya fito a 1994, ko kuma Freedoom wanda ake samu kyauta. Na biyu manhajar zane ce, kuma Ultimate Doom Builder ita ce wadda aka fi amfani da ita a yanzu. Na uku shi ne injin gwaji, ko dai GZDoom ko Chocolate Doom. Idan ka buɗe sabon aiki, ka zaɓi tsarin taswira na asali na Doom II, ka sa wa matakin suna MAP01, sannan ka nuna wa manhajar inda babban fayil ɗin yake. A ganina tsarin asali ya fi dacewa da mai koyo, ko da yake na zamani ya fi shi yalwar dabaru, saboda ƙarancin zaɓi yana tilasta wa mutum ya kula da fasalin ɗaki.

Ka fara da ɗaki mai kusurwa huɗu, faɗinsa da tsawonsa awo 512, daɓe a kan 0, rufi a kan 128. Waɗannan alkaluma suna da ma'ana ne idan aka auna su da jikin sojan: tsayinsa awo 56 ne, faɗinsa 32, kuma ba ya iya taka tudun da ya wuce awo 24. Saboda haka duk matakalar da tsaninta ya haura 24 ta zama shinge, tun da a ainihin wasan babu tsalle, kuma duk rufin da ya gaza 56 daga daɓe ya toshe hanya. Hotunan daɓe da na rufi awo 64 ne ta kowane gefe, don haka zai fi kyau ka riƙa zane a kan ragar ma'auni ta manhajar, mai tazarar awo 64 ko 32, domin su zauna daidai da bango. Daga nan sai ka koma sashen ajiye abubuwa, ka dasa alamar wurin da ɗan wasa na ɗaya zai fara. Idan babu wannan alama matakin ba zai tashi ba.

Ƙofa ce wurin da ya kamata ka daɗe a kai, domin ita ce take nuna ko ka gane injin. Ka zana ɗaki na biyu kusa da na farko, ka bar tazarar awo 16 a tsakaninsu, sannan ka haɗa su da siririn yanki mai faɗin 128. Ka sauke rufin wannan yanki har ya taɓa daɓensa; rufin da ya sauko ɗin nan shi ne ƙofar a rufe. Layuka biyun da ke fuskantar ɗakunan sai ka ba su aiki mai lamba 1, wanda yake ɗaga rufin idan aka danna, ya jira ɗan lokaci, ya sake saukewa. Dole ne fuskar kowane layi ta kalli ɗaki, bayansa kuma ya kalli yankin ƙofar, saboda injin yana ɗaga rufin yankin da ke bayan layin ne, kuma idan aka juya shi, ƙofar ba za ta buɗe ba idan ka danna ta daga cikin ɗakin. Hoton ƙofar, misali BIGDOOR2, a ɓangaren sama na layin ake liƙa shi. Gajerun bangwaye biyu na gefe kuma a sa musu DOORTRAK, a kunna zaɓin da ke kafe hoto daga ƙasa, in ba haka ba za su riƙa tashi tare da ƙofar. Wani ƙaramin abu da ba kowa ke lura da shi ba: ƙofar tana tsayawa ne awo 4 ƙasa da rufin maƙwabcin yankin da ya fi gajarta.

Mafita ba ta da wuya. Ka zaɓi wani ɗan layi a bangon ɗaki na biyu, ka sa masa hoton makunni daga cikin waɗanda sunansu ya fara da SW1, ka ba shi aiki mai lamba 11.

Haske yana tsakanin 0 da 255, kuma da yake kowane yanki nasa yake da shi, inuwa ma zana ta ake yi: ka yanka ƙaramin yanki a gindin ginshiƙi ka rage masa haske. Wajen ajiye dodanni kuwa, ka tuna cewa ƙarar bindiga tana ratsa duk yankunan da ke buɗe da juna ta tayar da abin da ke cikinsu, amma rufaffiyar ƙofa tana tare ta. Dodon da aka sa wa alamar kwanton ɓauna ba ya tasowa da jin ƙara kawai, sai ya hango mai wasa.

Duk sanda ka adana aikinka, manhajar tana tafiyar da wani lissafi da ke rarraba taswirar gida biyu-biyu, kowane gida a sake raba shi, har a samu tsarin da ake kira BSP. Da shi injin yake sanin bangon da ya fi kusa da ido, ya fara zana shi, ya tsallake abin da ya ɓuya a bayansa, kuma wannan dabara ce ta sa wasan ya yi gudu a kwamfutocin 1993. Tun da ana yin lissafin kafin a fara wasa, bango ba ya iya matsawa gefe, daɓe da rufi ne kawai suke hawa da sauka.

A wurin gwaji, idan ka ga wani bango yana maimaita hotuna suna zamewa kamar madubi ya kalli madubi, to akwai ɓangaren layin da ka manta ba ka sa wa hoto ba, galibi a inda tsayin yankuna biyu ya bambanta. GZDoom yana rufa wa irin waɗannan kurakurai asiri, shi ya sa yake da kyau ka sake gwadawa a Chocolate Doom, wanda ya riƙe iyakokin asali. Ɗaya daga cikinsu shi ne shimfiɗun daɓe da rufi da ake gani a lokaci guda ba za su wuce 128 ba, idan suka wuce wasan yana rufewa nan take. Idan haka ta faru, ka rage ƙananan yankunan ado a babban fili, ko ka tsayar da bango a tsakiya ya katse hangen nesa.