Yadda Ake Shirya wa Muhawara Kan Mayar da Turanci Harshen Hukuma a Amurka

Wanda aka ba wannan batu a gasar muhawara, abu na farko da ya wajaba a kansa, tun kafin ya tara hujjoji, shi ne ya tsayar da ma'anar "harshen hukuma", domin a nan ne mafi yawan masu muhawara suke yin tuntuɓe. Akwai ayyanawa ta girmamawa, wadda ba ta hana gwamnati fassara komai, akwai kuma dokar da ke hana ma'aikaci yin aikin hukuma da wani harshe ban da Turanci. Idan ka bar abokin karawarka ya zaɓa maka ma'ana, to ka ba shi wuƙa da nama.

Daga nan sai ka riƙe tarihin da kyau. Kundin tsarin mulkin Amurka bai ambaci harshen hukuma ba. A 1981 ne Sanata S. I. Hayakawa na Kalifoniya ya gabatar da ƙudurin yi wa kundin gyara don a ba Turanci wannan matsayi, amma ƙudurin bai kai labari ba. A 1996 Majalisar Wakilai ta amince da wani ƙuduri makamancinsa, sai ya maƙale a Majalisar Dattawa. Jihohi kuwa ba su jira tarayya ba, domin kimanin talatin daga cikinsu sun riga sun ayyana Turanci, yayin da Hawayi ta haɗa shi da harshen 'yan asalinta tun 1978. A ranar 1 ga Maris, 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin da ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma, ya kuma soke umarnin da Bill Clinton ya bayar a 2000, wanda ya wajabta wa hukumomin tarayya taimaka wa marasa jin Turanci sosai. Ka lura cewa umarnin shugaba ba dokar majalisa ba ne, wanda ya gaje shi na iya soke shi da alƙalami ɗaya, kuma wannan ne ya sa har yanzu batun yake da rai.

Idan ɓangaren goyon baya ya faɗo maka, ka dogara da abin da ke ƙasa: tun 1906 ake buƙatar mai neman zama ɗan ƙasa ya iya Turanci, da shi ake shari'a, da shi ake rubuta dokoki, saboda haka ayyanawar tabbatar da abin da aka daɗe ana yi ne kawai. Kana iya ƙarawa da batun kuɗin fassara da kuma damar samun aiki ga baƙon da ya koyi harshen. Sai dai ka guji kalaman da ke nuna ƙyamar baƙi, domin alƙalai sukan rage maki a kansu, kuma a ganina sun yi daidai.

Ɓangaren adawa ya fi samun ƙarfi idan ya sauko daga manyan kalmomi ya nuna mutum guda. Ka kawo wa masu sauraro tsohuwar da ba ta jin komai sai Sifaniyanci, tana tsaye gaban tebur a asibiti da takardar amincewa da tiyata a hannunta, tana jujjuya ta, ba tafinta, sai jikanta ɗan shekara tara ne zai fassara mata abin da likita ya ce. Bayan ka kafa wannan hoton, sai ka ɗora hujjar doka: gyaran da aka yi wa dokar 'yancin zaɓe a 1975 ya tanadi takardun ƙuri'a da wasu harsuna a yankunan da masu jin su ke da yawa, kuma a 1998 Kotun Ƙolin Arizona ta rushe gyaran da jihar ta yi wa kundin tsarin mulkinta a 1988 na tilasta Turanci kaɗai, bisa hujjar cewa ya tauye 'yancin faɗar albarkacin baki. Ka tuna musu kuma cewa kimanin mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar yana amfani da wani harshe daban a gida.

Akwai wani labari da ake yawan jefowa, wai ƙuri'a ɗaya ce ta hana Jamusanci zama harshen Amurka. Kada ka taɓa shi. Abin da ya faru a 1795 shi ne an tattauna roƙon a riƙa buga dokoki da Jamusanci saboda wasu mazauna Bajiniya, ba a taɓa kaɗa ƙuri'a kan mayar da Jamusanci harshen ƙasa ba. Idan abokin karawarka ne ya kawo shi, ka rubuta a ƙaramar takardarka, ka bari sai lokacin mayar da martani, sannan ka tambaye shi cikin ladabi a wace shekara aka kaɗa wannan ƙuri'a.