Yadda Ake Haɗa Fade Irin na Girka da Fatar Sakkwato

Duk bazarar Turai, manyan kantunan Faris da Landan sukan cika da wani takalmi marar tudu, tafi ɗaya da 'yan siraran maɗaurai, wanda idan ka ajiye shi gaban baduku a Sakkwato zai ce maka ai fade ne. Girkawa suka mai da shi haja mai tsada. Stavros Melissinos, wanda a da yake da shago a shiyyar Monastiraki ta birnin Atina, ya yi suna da shi tun shekarun 1960. Daga baya Christina Martini, wadda ta yi wa Louis Vuitton da Balenciaga zanen takalma, ta haɗu da Nikolas Minoglou suka kafa Ancient Greek Sandals, mai ƙarfen maɗauri mai siffar fiffike. Da hannu ake yin takalman a Girka, da fatar da aka jeme da sinadarin itatuwa, wato dangin jimar bagaruwa da majemanmu suke yi. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa tun zamanin fatake ta ƙetare Sahara, Turawa suna sayenta da sunan fatar Maroko. Kaya dai muna da su. Inda ake barinmu a baya shi ne kaurin fata, awo da gamawa.

A fara da zaɓen fata, don nan ne yawancin aiki yake lalacewa tun ba a ɗauki aska ba. Takalmin hawa uku ne. Shimfiɗar da ƙafa take takawa kirgi ne mai kaurin milimita 3 zuwa 4. Sol na ƙasa kirgi ne mai tauri, milimita 4 zuwa 5, ko roba mai milimita 3. Maɗaurai kuma suna son milimita 1.8 zuwa 2.2. Fatar akuya da wuya ta wuce milimita 1, saboda haka ita kaɗai ba ta iya zama maɗauri: cikin mako biyu za ta miƙe, ƙafa ta riƙa zamewa gaba. Hanya biyu ce. Ko dai ka manna ta bisa siririn kirgi mai milimita 1 zuwa 1.2, ko ka yanko ta ninki biyu na faɗin da kake so, ka shimfiɗa siririn tef na nailan a tsakiya, ka naɗe bakunan biyu su haɗu a baya. Ta biyun ta fi kyan gani, ta farkon ta fi ƙarko. Ka sayi ma'aunin kauri ko da na roba ne. Yatsa yakan yi ƙarya.

Kafin ka biya majemi, yanki ɗan gefen kirgin a wurin da ya fi kauri, wajen wuya, ka dubi cikin yankan. Idan launin ɗaya ne daga sama har ƙasa, bagaruwa ta ratsa. Idan ka ga farin layi a tsakiya, jimar ba ta nuna ba, kuma wannan layin ɗanyar fata ce: da zarar gumi ya taɓa ta za ta yi wari, in ta bushe ta ƙandare kamar ganda. Sai ka ninke fatar, fuskar tana waje. In ta tsage, mai ya yi mata kaɗan. In kuma cikin yankan ya yi shuɗi-shuɗi mai toka, jimar kurom ce ta kamfani. Ba ta riƙe siffar ƙafa, bakinta ba ya goguwa ya yi sheƙi, sannan Tarayyar Turai ba ta yarda kurom mai guba ya kai miligiram 3 a kowane kilo na fatar da ke taɓa jiki ba.

Awo da yamma ake yinsa, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, mutum yana tsaye bisa kwali, nauyinsa a kan ƙafafu biyu. Riƙe fensir a miƙe, kada ya karkata ƙarƙashin ƙafa. Zana duka biyun, don da wuya su zo daidai. Kafin ya ɗaga, sa alama a tsakanin babban yatsa da na biye, da gefe biyu na inda ƙafa ta fi faɗi, da ƙarƙashin idon sawu ciki da waje. Ƙara milimita 8 zuwa 10 a gaban yatsu, 5 a bayan dunduniya, 3 a gefuna. In kasuwa za ka yi wa, lambar Turai kowane mataki kashi biyu cikin uku ne na santimita: lamba 38 wajen santimita 25.3, lamba 42 santimita 28. Ka yanka kwalin kowace lamba sau ɗaya, ka rubuta lambar a jiki, ka daina ƙiyasi.

Maɗaurai a yanke su a tsawon gadon bayan dabbar, daga wuya zuwa wutsiya. Fatar ciki da ta hammata sako-sako ce, a bar ta wa laya da jakar kuɗi. Siraran maɗaurai milimita 8 zuwa 12, mai faɗin da ke rufe bayan ƙafa 25 zuwa 40. Kowane baki a bar masa rarar santimita 3.

Yanzu ga abin da ya raba faden Girka da na kasuwar ƙauye, wato inda ake huda. Mu mun saba kai maɗauri can bakin tafi, shi ya sa yake tsayawa kamar baka, ƙafa tana yawo a ciki, takalmin yana fat-fat. Su kuwa suna huda ramin ne milimita 4 daga cikin layin zanen ƙafar, maɗaurin ya fito daga ƙarƙashinta ya rungume ta. Amma kada ramin ya matso bakin shimfiɗa fiye da milimita 7, in ba haka ba zai yage. Ramin ya zama daidai faɗin maɗauri, ba ƙari. Fara huda 'yan ƙananan ramuka masu zagaye a kai biyun, sannan ka haɗa su da aska. Tsaga mai kaifin kusurwa daga nan take ci gaba da yagewa. Ramukan gefe su bi karkatar ƙafa, kada su tsaya a miƙe kamar layin littafi. Na tsakanin yatsu kuma a matsar da shi baya da milimita 2 daga alamar, kuma abin da zai shiga nan a naɗe shi ya zama zagaye, a ɗinke, ɗinkin yana duban gaba. Mai faɗi yana yanka fatar yatsa tun ranar farko.

Zura maɗauran, ka kira mai takalmin ya taka. Ja su har su kama sosai, yadda ɗan ƙaramin yatsa ba zai shiga ba sai da ƙyar, domin fatar bagaruwa tana saki bayan 'yan kwanaki. Sa alama da fensir ta ƙasa. Juya shimfiɗar, ka rage rarar zuwa santimita 2 ko 2.5, ka fere ta da aska har bakinta ya yi siriri kamar takarda. Wanda ya ƙi ferewa, mai takalmi zai riƙa jin ƙulli a tafin ƙafarsa, kuma sol zai fara buɗewa daga daidai nan. Lanƙwasa rarar ciki, manna, sannan ka ɗinke da zaren nailan mai kaki, ɗinki uku ko huɗu. In ƙusa za ka sa, ta tagulla. Baƙin ƙarfe da bagaruwa ba sa shiri: gumi yana taɓa su sai baƙin tabo ya fito, irin baƙin da dukawa suke samu da gangan idan sun jiƙa tsatsa. Haka ma kada ka ajiye jiƙaƙƙiyar fata bisa teburin ƙarfe.

Wajen manna sol, a kankare fuskokin biyu da samfefa mai kaushi, a kakkaɓe ƙurar. Shafa gam siriri a duka biyun. Kirgi yana shanye shafin farko, don haka a bar shi ya bushe a ƙara na biyu. Kwalin gam yakan ce a jira minti 10 zuwa 15, amma a Afrilun Sakkwato, zafi ya haura digiri 40, rabin haka ya isa. Gwada da bayan yatsa: ya yi danƙo amma bai biyo ka ba. A inuwa ake wannan, inda iska take wucewa, nesa da wuta. Haɗa daga dunduniya zuwa gaba, don in ya kama ba ya gyaruwa, ka bi da guduma daga tsakiya zuwa baki, ka danne da nauyi har kwana ɗaya. Gam kaɗai ba ya jure kwaltar tsakar rana a nan. Tsaga 'yar hanya milimita 5 daga baki ka zagaye da ɗinki, zaren ya nutse cikinta yadda ƙasa ba za ta ci shi ba. Dunduniya a ƙara mata hawa ɗaya, milimita 5 zuwa 8, da 'yar roba a ƙasa, musamman in sol ɗin kirgi ne, wanda yake santsi bisa tayil.

Baki shi mai saye yake fara dubawa. Daidaita bakin shimfiɗa, sol da dunduniya da aska, bi da samfefa lamba 120, sannan 240, sannan 400. Ɗan jiƙa shi da ruwa, goga da guntun katako mai santsi har ya yi zafi ya ɗau sheƙi, ka rufe da kakin zuma. Fentin baki da ake shafawa don ɓoye aiki yana ɓarewa cikin wata guda.

Sai rini. Jan karan dafi yana da kyau ƙwarai, amma yana zuba. Jiƙa farin ƙyalle ka goga sau 20. In ya ɗauki launi, ƙafar mai saye ma za ta ɗauka. Goge rarar rinin da busasshen tsumma, shafa kaki, kuma ɓangaren da ke taɓa jiki a yi masa shafi da fatar da ba a rina ba. Shimfiɗa dai a bar ta da launinta na jima, yadda Girkawa suke yi. Tana yin duhu a hankali kamar zuma. Hodar rini ta kasuwa marar suna a jiki a guje ta in waje za a kai, don Turai ta hana wasu rinin kamfani da ake kira azo, haka ma ƙarfen maɗauri mai sakin nikel. Cibiyar binciken fata ta NILEST da ke Zariya ita ce wurin fara tambaya kan gwajin fata, rajistar fitar da kaya kuma a hukumar bunƙasa fitar da kaya ta Najeriya, NEPC, ake yi.

Da hunturu a shafa wa maɗaurai man kaɗe kaɗan, gwargwadon ƙwayar gyaɗa ga kowane ƙafa ɗaya, a goge. In ya yi yawa fata takan yi laushi ta miƙe. Da damina kuma kada a ƙulle takalmin cikin leda, funfuna za ta kama shi kafin ya isa Legas. Jakar yadi ko takarda, da ƙunshin hodar tsotse danshi guda biyu a kowane kwali.