Babi na 6: Ciwon Ƙugu da Mara ga Mai Juna Biyu

Darasi na 1: Ina ciwon yake?

Ki ɗora hannunki a ƙasan cibiya. Ki gangara da shi a hankali har ki taɓa ƙashi mai tauri. Wannan shi ne gaban ƙugu. Yanzu ki zagaya da hannu baya, ƙasan kwankwaso, dama da hagu. Duk ƙasusuwan nan a haɗe suke kamar zobe, jijiyoyi ne suke riƙe da su. Idan ciki ya shiga, jiki yakan sassauta jijiyoyin domin shirya hanyar haihuwa, ga kuma nauyin ɗa yana ƙaruwa kullum. Daga nan ciwon ke tasowa.

Mai wannan ciwo takan ji shi a mara, ko a kwankwaso, ko a matsematsi, wani lokaci har ya sauka cinya. Yakan tsananta idan ta juya a shimfiɗa, ko ta hau matakala, ko ta tsaya da ƙafa ɗaya, ko ta ware ƙafa za ta hau babur ɗin kabu-kabu. Wata har ƙara takan ji a ƙashin. Kusan mace 1 cikin mata 5 masu ciki na samun sa, don haka ba ke kaɗai ba ce. Ba ya taɓa lafiyar ɗan da ke ciki. Amma yana hana barci, yana hana aiki, kuma akwai taimako a kansa.

Darasi na 2: Ciwon da ba a kwana da shi

Ba kowane ciwon mara ne ciwon ƙashi ba. Idan ciwon ya zo tare da ɗaya daga cikin waɗannan, kada ki jira ranar awo. A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne:

zubar jini;
fashewar faya kafin lokaci;
zazzaɓi, ko zafin fitsari;
ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska, ko jijjiga;
ɗa ya rage motsi ko ya daina;
ciwo mai zuwa yana lafawa kamar naƙuda alhali ciki bai kai mako 37 ba;
ciwo mai suka a gefe ɗaya tare da jiri, a farkon ciki.

Mai sikila kuma, duk ciwon ƙashi da ya taso mata da ciki, asibiti za ta nufa.

Ki karanta jerin nan da ƙarfi. Ki sake karanta wa ta kusa da ke.

Darasi na 3: Faɗa wa malamar awo

Nan ne mata suka fi tuntuɓe, saboda haka nan za mu daɗe.

Hukumar Lafiya ta Duniya, tun shekarar 2016, ta ce mai ciki ta je awo aƙalla sau 8, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Mata da yawa suna zuwa, madalla. Mace za ta fito tun da sassafe tana ɗingishi, ta zauna a benci tana gyara zama saboda azaba, layi ya zo kanta, malama ta ce, "Yaya jikin?" Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Lafiya lau." A auna ta, a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ta koma gida da ciwonta.

'Yar uwa, malama ba ta ganin ciwon ƙugu a ma'aunin jini. Ba ta jin sa idan ta taɓa ciki. Sai kin faɗa.

Abu uku za ki faɗa. Na ɗaya, inda yake. Na biyu, yaushe ya fara. Na uku, me yake hana ki yi. Ga misali, ki karanta a hankali:

"Malama, ina da ciwo a nan." Ki nuna da hannu.
"Ya fara tun ciki yana wata biyar."
"Ba na iya juyawa a shimfiɗa, ba na iya tsugunno."

Mu sake. Ina yake? Yaushe ya fara? Me yake hana ki? Ki lissafa da yatsu uku. Idan bakinki ya yi nauyi, hannu ya fara magana: ki ɗora shi a wurin, sauran zai biyo baya. Ba sai kin ambaci sunan wurin ba. "Nan" ya isa.

Na san kunya, musamman a cikin fari. Na san an tashe mu a kan dauriya, ana yabon macen da ba a jin kukanta. Gaisuwa daban, bayani daban. Ki amsa gaisuwa da "lafiya lau" yadda aka saba, sannan ki ƙara da cewa, "Amma malama, akwai abin da ke damuna." Jimlar nan ita ce mabuɗin darasin. Ki rubuta ta a littafinki sau uku:

Amma malama, akwai abin da ke damuna.

Wadda harafin ya ba ta wuya, ta bi sannu. Babu mai yi miki dariya a nan.

Idan an ce miki, "Ai ciki ne, haka yake," kada ki tashi. Cikin ladabi ki ce, "Na sani malama, amma ya hana ni barci. A taimaka a rubuta a katina, a tura ni wurin likita." A nan Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha. Wadda ke awo a ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye za ta iya neman takardar turawa. Ki tambaya ko za a haɗa ki da masu gashin ƙashi na asibiti. Su ne ke duba yadda ƙugu ke motsi, su koya miki motsa jikin da ya dace, su ba da shawarar ɗamarar tallafe ƙugu ko sandar dogarawa idan ciwon ya kai haka.

Kafin ki fita, ki buɗe katin ki nemi ranar dawowa. Idan kin ga 14/3, lambar farko rana ce, ta biyu wata ce, wato 14 ga Maris. Ba ki gane ba, ki ce a karanta miki.

Zan faɗa da babbar murya, domin na gaji da ji. Sai a yi darasin nan kaf, kowa ta haddace, mako ya zagayo in tambayi mace, "Kin faɗa?" ta ce, "Layi ya yi yawa, na ji nauyi." Haba! Kin biya kuɗin mota, kin bar girki, kin bar yara, sannan ki dawo da maganar a bakinki? Wa kika yi wa kara? Ciwon da aka tara da wuri ya fi saurin lafawa. Wanda aka ɓoye har wata tara yakan kwantar da mace. Ki faɗa. Inda yake, yaushe ya fara, me yake hana ki.

Darasi na 4: A gida

Ki riƙa haɗa gwiwoyinki. Za ki juya a shimfiɗa, ki haɗa su ki juya gaba ɗaya. Za ki kwanta, ki kwanta ta gefe, ki sa matashi tsakanin gwiwoyi. Za ki sa siket ko takalmi, ki zauna tukuna. Matakala kuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ki rage daka, da jan guga, da ɗaukar jarka, da wanki a duƙe. Kada ki saɓa yaro a ƙugu ɗaya. Ki zauna a kujera maimakon tsugunno mai tsawo. Keke Napep ya fi miki kabu-kabu. Amma kada ki kwanta yini guda, ki riƙa ɗan takawa gwargwadon abin da bai tayar da ciwon ba.

Idan tsayuwa ko ruku'u sun gagara, addini ya sauƙaƙa: a hadisin Imrana bin Husaini an ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe.

Darasi na 5: Magani

Farasitamol ne aka fi bai wa mai ciki, shi ma yadda malama ta ce. Kada ki sayi ibuprofen ko diclofenac a kemis, suna iya cutar da ɗa, musamman idan ciki ya tsufa. Haɗe-haɗen ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, ki bar su. Jiƙo da saƙe-saƙi ma, ki gaya wa malama kafin ki sha.

Darasi na 6: Mutanen gida

Ki nuna wa maigida Darasi na 2, a shirya kuɗin mota da wanda zai kai ki tun kafin buƙata ta taso. Ki nemi Inna ko abokiyar zama su kama miki aiki mai nauyi. Ranar haihuwa ki sanar da ungozoma kina da ciwon ƙugu, don a kula da yadda za a ware ƙafafunki. Yawanci ciwon yakan tafi bayan an sauka. Idan an yi arba'in bai tafi ba, ki koma asibiti.

Aikin gida: ki rubuta abu ukun da za ki faɗa wa malamar awo, ki zo da katinki aji mai zuwa.