Yadda ake bin kadin ɗan'uwa idan masu gadin kamfani ko sojojin haya suka harbe shi

Samarinmu da yawa daga Mai Wurno, Damazin da Gadarif suna tafiya haƙar zinare arewacin Sudan, wasu kuma suna Darfur. A can, mai riƙe da bindiga ba lallai ne sojan gwamnati ba. Yana iya zama mai gadin kamfani, ko sojan haya irin na Wagner ɗin Rasha, ko 'yan Kolambiya da rahotanni suka ce sun yi yaƙi tare da dakarun RSF, rundunar da ta shiga yaƙi da sojojin Sudan, a Fashir. Idan irinsu suka kashe naka, Allah ya kiyaye, ga hanyar da za a bi.

Mataki na farko shi ne mafi ɗaci, domin kafin jana'iza ake yinsa. Mu mutane ne masu gaggauta sutura, kuma daidai ne, amma awa biyu ba za su hana mamaci rahama ba. A karɓi Urnik 8, wato takardar binciken likita, wurin 'yan sanda, likita ya rubuta inda harsashi ya shiga da inda ya fita. Wanda aka harba ta baya ba za a ce shi ya kawo hari ba. A ɗauki hoton raunin da na wurin. Kwanson harsashi kuwa a ɗauke shi da ƙyalle, a sa a ambulan, a rubuta rana da wuri. Kada a goge hotunan daga wayar da ta ɗauka, domin idan aka tura hoto ta WhatsApp yana share bayanan lokaci da wuri.

Sai a gano wa ya ɗauki maharbin aiki: tambarin kaki, lambar mota, yaren da suke yi. Kowane shaida ya faɗi nasa shi kaɗai, a rubuta tun ranar.

Daga nan a buɗe balag a niyaba, wato a kai ƙara ofishin mai gabatar da ƙara, a karɓi lambarsa, a nemi lauya.

A nan ne ake yawan tafka asara. Wakilin kamfani zai zo da dattawa da kuɗi a jaka, ana tsakiyar zaman makoki. Diyya halas ce, dokar laifuka ta Sudan ta 1991 ma ta amince da ita. Amma takardar da za a ce a dangwala mata hannu sau da yawa ta yafiya ce, mai rufe ƙofar ƙisasi. Kada kawu ko baffa ya sa hannu a madadin marayu sai lauya ya karanta, kuma duk waliyyan jini sun ji.

In gida ya gagara, a duba waje. Ga misali: a ranar 16 ga Satumba 2007 masu gadin Blackwater, wani kamfanin tsaro na Amurka, suka kashe fararen hula 17 a dandalin Nisur na Bagadaza. Sai 2014 kotun Amurka ta kama huɗu da laifi, bayan 'yan Iraƙi sun je har Washintan sun ba da shaida. A Disamba 2020 Trump ya yi musu afuwa, abin da har yau yake ci mini rai. Sai dai wasu iyalan sun shigar da ƙarar neman diyya daban, kamfanin ya biya su a sulhun 2010. Don haka lauyanku ya bi hanyoyin biyu, ta laifi da ta diyya, ya kuma duba ƙasar da aka yi wa kamfanin rajista.

Ƙungiyar ICoCA da ke Janiba tana karɓar koke kan kamfanonin tsaro mambobinta. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sojojin haya, da aka kafa a 2005, ba ya hukunci, amma yana rubuta wa gwamnatoci. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya (ICC) da ke Hague tana da hurumi kan Darfur tun 2005, kuma mutane take tuhuma, ba kamfanoni ba.

Duk inda za a aika, a tura kwafi. Asalin takardun su zauna wurin amintacce ɗaya, a ajiye wani kwafin wurin dangi a Jidda ko Kano.