Yadda za a shirya wa yara daren Tanabata a Damagaram

Tanabata biki ne da mutanen Japan ke yi a daren 7 ga watan Yuli, kuma tushensa wata tatsuniya ce da ta zo musu daga ƙasar Sin. An fara yinsa a fadar sarki a zamanin Nara, tsakanin shekarar 710 zuwa 794, sannan ya bazu cikin talakawa a zamanin Edo, wanda ya fara a 1603. Da yake lokacin ya faɗo cikin dogon hutun makarantu a nan Nijar, malami ko uwa ko yayan gida yana iya tara yaran unguwa a tsakar gida, ko a Birni ko a Zango, ya shirya musu wannan dare ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Abu na farko shi ne mai shiryawa ya riƙe tatsuniyar a kansa, domin karanta ta daga takarda yana kashe mata armashi. Orihime ɗiyar sarkin sama ce, masaƙiya wadda ba ta ɗaga kai daga aikinta, har ubanta ya ji tausayinta ya aurar da ita ga Hikoboshi, makiyayin shanu da ke zaune a ɗaya gaɓar Amanogawa, wato Kogin Sama. Daɗin aure ya sa ta ajiye saƙa, shi kuma ya bar shanu suna yawo ba mai tsaro, sai sarki ya fusata ya raba su, kogin ya shiga tsakaninsu. Da kukanta ya yi yawa, ya yarje musu haɗuwa sau ɗaya a shekara, ranar bakwai ga wata na bakwai, inda wasu tsuntsaye dangin hankaka ke jera fikafikansu su zama gada. A buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku" kamar yadda aka saba, a bari yara su amsa, a kuma jira sai bayan sallar isha, tunda mu ma ba da rana muke tatsuniya ba.

A wurin ruwan sama ya kamata mai ba da labarin ya ɗan dakata. A Japan, idan aka yi ruwa a wannan dare, cewa ake yi kogin ya cika, tsuntsayen ba su zo ba, masoyan sai su jira wata shekara, har ana kiran ruwan da hawayensu. Yaron Damagaram kuwa, wanda ya ga ubansa ya yi shuka yana duban gabas kullum yamma, ba zai ɗauki ruwan Yuli a matsayin abin baƙin ciki ba. Kada a gyara labarin don ya dace da mu. Gara a tambaye su wanne za su zaɓa, hadari ya sauko gero ya sha, ko gari ya yi garau Orihime ta ga mijinta, a bar su su yi ta gardama. A ganina wannan gardamar ta fi duk wani bayani da babba zai yi musu a kan bambancin ƙasashe.

Sai maganar takardu. Japanawa suna yanka takarda mai launi siririya, ana ce mata tanzaku, su rubuta burinsu su rataya a jikin gora mai ganye. Idan babu gora, reshen dogon yaro ya wadatar. A kafa shi cikin tulu ko bokiti cike da yashi. Takarda mai launi da zare ana samunsu a kasuwar Dole, kuma bangon tsofaffin littattafan makaranta ma yana yi. A yanka kowace tsawon tafin hannu da faɗin yatsu uku, a huda samanta, a zura zare. Launuka biyar aka gada: shuɗi ko kore, ja, ruwan ɗorawa, fari, da baƙi ko shunayya.

Abin da za a rubuta yana buƙatar kula. Tun asali 'yan mata ƙwarewa a saƙa da ɗinki suke fata, yara maza kuma kyan rubutu, saboda haka ya fi dacewa kowane yaro ya rubuta sana'a ko karatun da yake son ya iya kafin baɗi, ko dukanci ne irin na garinmu, ko rubutun allo, ko lissafi. A kuma faɗa wa iyaye tun da wuri cewa ba roƙon taurari ake yi ba, niyya ce yaro ke rubutawa don ya tuna, addu'a kuwa Allah kaɗai ake yi wa.

Idan sama ta washe, a kashe fitila a fita da su fili. Wajen ƙarfe tara, tauraruwa mai tsananin haske da ke sama ta arewa maso gabas ita ce Vega, wato Orihime, ta ƙasa da ita wajen gabas kuma Altair, wato Hikoboshi, farin zanen da ya ratsa tsakaninsu shi ne kogin. Idan hadari ya rufe, ba a yi asara ba. Japan ta koma kalandar Turawa a 1873, abin da ya jefa bikin cikin daminarsu, shi ya sa birnin Sendai ke yin nasa daga 6 zuwa 8 ga Agusta, kusa da lokacinsa na tsohon lissafin wata. Sai a ajiye reshen a zaure, a sake tara yaran a wancan lokaci.