Tukunyar gida a Saudiyya: shawara ga sababbin zuwa

Duk wanda ya sauka Jidda ko Makka ko Riyad da niyyar zama, karatu ne ya kawo shi ko aiki ko aure, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne yalwar abinci da kusancinsa. Kowane lungu akwai mai shinkafa da kaza, kabsa ce ko mandi ko bukari, ga soyayyar kaza da dankali, ga shawarma, ga burodin tamis da zafinsa. Faranti ɗaya sai mutum biyu su ci su bari. Ban ce kada ku ci ba, abinci ne mai daɗi, kuma in aka gayyace ku walima kuka noƙe ba ku kyauta ba. Amma ku dubi abin da ke cikin farantin: farar shinkafa, mai, nama, sai 'yan yankan kokwamba na ado. In ya zama cin yau da gobe, ga lemon kwalba a kai, ga wuni cikin sanyin na'ura, ga mota duk inda za a je saboda rana, kafin shekara ta zagayo tufafin da kuka zo da su sun matse ku, bayan gida ya fara wuya, basir ya taso. Ciwon suga da hawan jini sun yi yawa a ƙasar nan. Shi ya sa gwamnati ta ɗora wa lemon kwalba haraji mai nauyi a 2017, ta kuma wajabta wa gidajen abinci rubuta yawan kuzarin da ke cikin kowane abinci a jikin takardar farashi tun 2019.

A gida muna cin ganye da hatsi ba tare da mun ɗauke shi wani abu ba: tuwon dawa da miyar kuka, kuɓewa, taushe, kwaɗon zogale da rama, fate, dambu, fura. Kusan duk kayan nan akwai su a Saudiyya. Sunansu ne ya sauya, kuma ba a jere suke wuri guda kamar a kasuwar garinku ba.

Ku fara da halaga, wato babbar kasuwar kayan gwari. A Makka akwai ta Ka'akiyya, a Riyad akwai Aziziyya da Utaiƙa, Jidda ma tana da tata babba, kowane direban tasi ya san ta. Bayan sallar Asuba ake zuwa, kafin rana ta taɓa ganye. Da kwali ake sayarwa, saboda haka ku haɗa kuɗi da maƙwabta biyu ko uku ku sayi tumatir da albasa da tattasai ku raba. Ya fi sayen ɗai-ɗai a bagala, wato ƙaramin shagon unguwa, sauƙi nesa ba kusa ba. Lokacin sanyi, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, kayan gonakin ƙasar ke cika kasuwa kuma farashi ya sauka. Wanda ba shi da halin zuwa halaga ya sa ido kan rangwamen mako-mako na manyan kantuna irin su Panda da Othaim da Lulu.

Sunayen da za ku riƙe ba su da yawa. Lalo shi ne mulukiyya, ana sayar da shi ɗanye a ɗaure, akwai kuma yankakke a firiza. Kuɓewa bamiya ce. Kabewa a ce gara'a ko yaƙɗin. Wake lubiya, gero duhun, dawa zura, tsamiya tamar hindi, zoɓo karkade. Sabanik shi ke tsaya mana a matsayin alayyafo, sai dai ya fi shi laushi, minti biyu zuwa uku ya ishe shi a wuta. Mai son alayyafo na ainihi ya leƙa shagunan Indiyawa, can ake dacewa da shi, wani lokaci har da ganyen zogale da yakuwa da rogo da doya, don su ma cimarsu ce. Shagon attar, mai kayan ƙamshi da hatsi, nan za ku sami citta, kanumfari, masoro, riɗi, zoɓo da tsamiya. Shagunan 'yan Sudan kuwa rabin gida ne: busasshiyar kuɓewa dakakkiya da suke kira weka, niƙaƙƙiyar gyaɗa da suke kira dakwa, 'ya'yan kuka, garin dawa. Daddawa da garin kuka da manja sai wajen mutanenmu, a unguwannin da suka daɗe da zama kamar wajajen Shara Mansur a Makka, ko wajen matan da ke sayarwa daga gida. Ku tambayi na gabanku a masallaci ko wajen biki, za a nuna muku.

In girki ɗaya za ku koya a watan farko, ku koyi faten jarish. Jarish ɓarzajjiyar alkama ce, ita ce ma aka ayyana a matsayin abincin ƙasa a 2023, don haka babu kantin da ba ta. Su Larabawa da laban, wato nono mai tsami, suke dafa ta har ta yi kauri. Mu kuwa sai mu bi da ita yadda ake bi da tsakin masara a Zariya. A wanke kofi ɗaya a jiƙa shi kamar awa guda. A tafasa rabin kofin wake daban har ya kusa nuna. A jajjaga tumatir uku da tattasai da attaruhu da albasa, a zuba a tukunya da ruwa kofi shida ko bakwai, a sa daddawa, citta, tafarnuwa, da ƙashin miya ko busasshen kifi. In ya tafasa a zuba jarish da waken, a rage wuta, a riƙa juyawa don yana kama ƙasan tukunya da an yi sake. Bayan kamar rabin awa a dama dakwa cokali biyu da ruwan ɗumi a zuba, a sa yankakkiyar kabewa da karas da bazinjan, wanda zai tsaya a madadin gauta ko da yake ba shi da ɗacinta. Ganye shi ne na ƙarshe, kuma a cika shi, dami biyu ba su yi yawa ba, narkewa yake yi. Ɗan tsamin nan da yakuwa ke ba fate, in ba a same ta ba, ruwan tsamiya ko lemon tsami zai kawo shi, amma sai an sauke tukunya za a matsa lemon. Man girki ƙaramin ludayi ɗaya ya isa, tunda gyaɗar ma mai ce. Ku bar shi da ruwa-ruwa, yana hucewa yana ƙara kauri. Tukunya ɗaya ta haɗa hatsi da wake da ganye, ta ci mutum huɗu, kuma kuɗinta bai kai na farantin mandi ba.

Dambu ma ya fi sauƙi a nan, saboda burgul. Alkama ce da aka riga aka turara aka busar aka ɓarza, sai ku nemi mai manyan tsaki. A wanke, a tsane, a turara kamar minti 15 a madambaci, ko a gwagwar ƙarfe bisa tukunyar ruwa in babu. A juye a haɗa da zogale ko kabeji, karas, albasa mai yawa da dakakkiyar gyaɗa, a mayar ya sake turara. Ɗan mai da yaji, an gama.

Na tuwo, ku nemi dagig burr, garin alkamar da ba a cire wa dusa ba. Talge, tuƙi, sulala, duk yadda kuka saba, sai dai yana son a tuƙa da ƙarfi kada ya yi gudaji. Garin dawa da na gero suna samuwa a injin niƙa da wajen attar, don ana noma su a yankin Jazan. Miyar mulukiyya ba ta son dogon tafasa kuma ba a rufe ta: a haɗa ruwan miya da daddawa da kifi ya nuna sosai, a zuba ganyen, minti biyar a sauke. Kanwa in za a sa a sa ƙanƙanuwa, yawanta na kashe amfanin ganye. Taushe kuwa ba abin da ya rage mata a nan, ga kabewa ga dakwa ga sabanik.

Akwai wani ganye mai ɗan yaji-yaji da ake kira jarjir, ɗanye ake cinsa, kuma yana cikin mafi araha a kasuwa. Ku yanka shi da tumatir da albasa da kokwamba, ku kwaɗa da garin ƙuli-ƙuli ko dakwa da lemon tsami. Ni a ganina ko ranar da aka sayo kabsa daga waje, in aka ajiye kwanon wannan kwaɗo a gefe aka rage shinkafar, an gyara rabin ɓarnar. Sai dai a wanke ganye da kyau, ƙasa na maƙalewa a jikinsa: a jiƙa a ruwa da ɗan kal, wato ruwan tsami na binega, a ɗauraye sau biyu ko uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, gishiri kuma kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan. Ku tuna dunƙulen magi yawancinsa gishiri ne. Wanda ya sa daddawa da albasa da citta da kyau zai ga ɗaya ya ishe shi inda da yake jefa huɗu.

Kifi: mazauna Jidda ku je babbar kasuwar kifi da ake kira Bangala. Ba sai najil da hamur masu tsada ba, ga baga da sardin, a gasa ko a yi farfesu.

Zafin bazara a Makka da Riyad yana wuce digiri 40, kuma miyar da aka bari a kan murhu da rana kafin Magariba ta yi tsami. Abinci na hucewa a sa shi a firji. Ranar Juma'a ko Asabar, da yake su ne hutun mako, a markaɗa kayan miya na mako guda, a tafasa ruwan ya ƙone, a rarraba a ƙananan robobi a daskarar. Wake ma haka. Wannan shi ke ceton mai dawowa daga aiki a gajiye daga kiran mai kawo abinci a waya.

Kai kuma ɗan'uwa da ke masaukin kamfani ko ɗakin ɗalibai, ka fara tambayar ƙa'idar wurin kafin ka shigo da tukunyar gas ko ta lantarki. In an hana girki, har yanzu kana da zaɓi. Da safe ful, wato dafaffen waken Larabawa, da tumatir da albasa, ka ce a rage mai, ka nemi burodin burr maimakon fari. Miyar adas, wani ƙanƙanin wake, tana da araha kuma tana riƙe ciki. Laban da kokwamba da ayaba ba sa buƙatar wuta. Laban ɗin nan, in ka sami fura wajen matanmu, ba za ka yi kewar nono sosai ba. Zoɓo da kunun tsamiya a rage musu suga. Dabino albarka ne, kuma ko'ina kuka shiga za a miƙo muku da gahawa, amma nau'in da ake kira Sukkari da Kalas zaƙinsu ba wasa ba ne, mai ciwon suga ya ƙirga abin da yake kaiwa baki. Haka in azumi ya zo, sambusa da lugaimat, wani irin fanke mai zaƙi, da jan lemo za su cika faranti. Ku ba miyar alkama da mutanen Hijaz, wato yankin Makka da Madina da Jidda, ke buɗa baki da ita muhimmanci, ta fi zama lafiya a ciki.

In za ku yi wa mai tahowa daga gida sautu, ku zaɓi busassun abubuwa marasa nauyi waɗanda suke wuya a nan: daddawa, kuka, busasshen zogale, karkashi, yajin ƙuli. A ƙulle su da kyau a leda mai nuna abin da ke ciki, don jami'an filin jirgi na iya buɗewa. Goro kada a sako shi, hukumomin alhazai na gargaɗi a kansa duk shekara. Kuma ku ja kunnen mai zuwan kada ya karɓi ƙullin kowa wai garin tuwo ne ko yaji, sai an kwance a gabansa ya gani da idonsa, domin hukuncin shigo da ƙwaya ƙasar nan yana kaiwa har ga kisa.